Wa zai karanta wa yaro kafin ya shiga aji ɗaya?

Malamar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure, ina neman izini in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da 'yan aji ɗaya a wani ƙauye na ƙasar Ringim, kuma duk ranar da aka kawo mini sababbin yara akwai abin da nake yi kafin in ɗauki alli. Nakan miƙa wa kowane yaro littafi a rufe, in ja bakina in yi shiru, in ga yadda zai yi da shi. Bana mafi yawansu sun riƙe shi kamar an miƙa musu faifai, wasu kansa a ƙasa, wani ma ya ɗora shi a ka. Kaɗan daga ciki sun buɗe ta dama kamar yadda ake buɗe Alƙur'ani, kuma wannan ya faranta mini rai, domin sun nuna sun san rubutu yana da mafari. Amma yarinya guda ta zauna ta gyara littafin a cinyarta, ta sa yatsa a ƙarƙashin layi daga hagu, ta shiga ba da labarin akuyar da ke cikin hoton kamar mai karatu, tana kai ƙarshen shafi tana juyawa. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Da na bincika sai na tarar yayarta ce take karanta mata littafin makarantarta da daddare. Kafin zango na biyu ya ƙare yarinyar nan tana karanta gajerun jimloli, alhali sa'o'inta suna fama da ba, be, bi, bo, bu. Roƙona ga iyaye shi ne a riƙa karanta wa yara wani abu a gida tun kafin su isa shiga makaranta, ko da na ɗan lokacin da ke tsakanin magariba da isha'i ne.

Baban Sadiƙu:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri, maganarki tana da kyau a kunne, amma ina ganin kin yi ta ne da mutanen birni a zuciya. Ni manomi ne, a aji uku na bar makaranta, kuma wannan rubutun ma da ƙyar nake haɗa shi. Matata ba ta taɓa shiga aji ba. Da damina ina fita gona bayan asuba, ba na dawowa sai rana ta yi sanyi, ga kiwo, ga ɗibar ruwa. A duk garinmu babu inda ake sayar da littafin yara, sai dai littafin rubutu da fensir a shagon mai kayan masarufi. To, me zan karanta, da wane ido, a wane lokaci? Mu abin da muka sani shi ne uba ya ciyar, ya tufatar, ya kai yaro wurin malami. Idan aka ce karatun ma a gida za a fara shi, ina amfanin albashin da ake biyan malamai?

Malamar Aji Ɗaya:
Baban Sadiƙu, ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ban ce iyaye su karɓi aikina ba. Koyar da haruffa da haɗa gaɓoɓi aikina ne, ina kuma karɓar albashi a kansa. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna da yaro ɗaya, in ji tambayarsa, in ba shi amsa, a ajin da yaransa suka haura sittin, wasu a kan benci wasu a ƙasa.

Alaramma:
Bismillahi. Ina so in gyara wani abu kafin magana ta yi nisa, domin na lura duk lokacin da aka ce karatu, sai hankalin mutane ya tafi ga boko kaɗai. Yaron garin nan yana fara zuwa makarantar allo tun yana ɗan shekara uku ko huɗu. Yana ganin malami ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta masa, ya biya masa, ya wanke allon, a sake rubuta wani. Daga baya ya shiga babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayen da kakanninmu suka raɗa musu, alu, ambaki, wau, zal, sannan ya wuce farfaru inda ake sa wasulla. Wannan ba karatu ba ne? Yaran da Malama ta ce sun buɗe littafi ta dama, ai daga wurinmu suka samo shi. Kuma matan da ake rubutawa a takardun hukuma cewa ba su iya karatu ba, da yawansu suna karanta ajami, suna da waƙoƙin wa'azi a ka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar waƙoƙi ta karantar da matan karkara, tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, suna kai wa 'yan taru, wato ɗalibanta mata, karatu har cikin gidajensu. Saboda haka karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da sai an kawo mana shi daga waje.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya gafarta Malam, gaskiyarka, kuma duk malamin firamare mai adalci zai shaida cewa yaron da ya yi farfaru ya fi saurin kama haɗa baƙi da wasali a boko, domin dabarar ɗaya ce, hannun rubutun ne kawai ya juya. Sai dai akwai wani gefe da nake so mu duba tare. Ɗan shekara huɗu da ke biya allonsa yana koyon furuci da ladabi da hadda, amma Larabci ba harshen da yake tambayar uwarsa abinci da shi ba ne, don haka ba ya tsayar da malami ya ce, me ya sa aka yi kaza, sannan me ya faru? Wannan tsayarwar da tambayar su ne abin da Malama take nema. Idan aka karanta wa yaro labari da Hausa, yana jin ma'ana a daidai lokacin da yake ganin rubutu, sai ya gane cewa baƙaƙen nan da ke kan takarda magana ce irin wadda ake yi a tsakar gida, an dai ɗaure ta ne don kada ta gudu. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ga Baban Sadiƙu kuma, ina so in tuna masa yadda iyayenmu suka yi. Ina yaro, mutum ɗaya ne a unguwarmu ya iya boko sosai, wani malamin gona. Idan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, ya karanta da ƙarfi, dattawa suna katse shi suna gardama, mu kuma yara muna raɓe a gefe muna leƙen takardar. A nan na fara sha'awar sanin abin da ke cikin baƙaƙen nan, tun kafin a rubuta sunana a makaranta. Yawancin mutanen da ke kan tabarmar ba su iya karatu ba, amma jaridar ta shiga kunnen kowa. Ba dole ba ne mai karantawa ya zama uban yaro. Abin da ake bukata daga uba shi ne ya sa a yi, kuma ya zauna a wurin.

Maman Ummi:
Ina gaida iyayena malamai. Ni ce mahaifiyar yarinyar da Malama ta ba da labarinta, kuma tun da an taɓo mu, bari in faɗi yadda abin yake, don kada a zaci muna da wani ɗakin littattafai. Babu ko ɗaya. Littafin Hausa na yayarta ne na aji biyar, bangonsa ma ya cire, kuma sun karanta shi har Ummi ta haddace. Da ya ishe su, sai surukata, wato kakarsu, ta ce ita tana da labaran da suka fi na cikin takardar daɗi. Daga nan muka sayi littafin rubutu guda. Bayan isha'i Inna takan ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, ta ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, babbar kuma tana kwance rub da ciki tana rubutawa da hasken fitila mai caji. Washegari sai ta karanta wa ƙannenta abin da ta rubuta, Inna tana gefe tana tsinke zogale, tana cewa a'a, ba haka na faɗa ba, kin tsallake inda ya shiga rumbu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar da Ummi ta lura cewa idan Inna ta ba da labarin da baki, yau ta ce kaza gobe ta ƙara wani abu, amma idan daga littafin aka karanta, kullum kalmomin ba sa canjawa. Ta ɗauki littafin ta kai wa yayarta ta ce a nuna mata inda aka rubuta Gizo. Aka nuna mata. Ta bi shafin da yatsa tana neman duk inda kalmar ta sake fitowa, ta samo guda bakwai, ta zo tana nuna mini kamar ta tsinci kuɗi. Ni kaina a aji shida na tsaya, ba ni da wata dabara ta koyarwa. Yanzu tatsuniyoyi goma sha huɗu ne a littafin, har da zanen kura da ƙaninta ya yi, wanda ya fi kama da jaki.

Ɗalibin Gumel:
Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma abin da Maman Ummi ta bayyana ya yi daidai da abin da ake koya mana game da matakin da ke gaban karatu. Kafin yaro ya karanta kalma, sai ya san cewa rubutu yana ɗauke da magana, ya san inda ake farawa da inda ake nufa, kunnensa ya iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma, sannan ya tara kalmomi masu yawa a kansa. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci likitocinta su riƙa gaya wa iyaye su fara karanta wa yaro tun yana jariri. A 2022 kuma Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Akwai kuma wani bincike da Hart da Risley suka wallafa a 1995, inda suka bi iyalai 42 a Kansas ta Amurka, suka ce 'ya'yan talakawa suna jin kalmomi kaɗan ƙwarai a gida idan aka kwatanta da 'ya'yan masu hali.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, na gode da wannan, amma a yi hattara da na ƙarshen. Iyalai 42 ba su da yawa, kuma masana sun yi ta sukar binciken, ciki har da cewa ya fi ƙirga maganar da aka yi wa yaro kai tsaye. Ka dubi gidan Bahaushe na karkara. Yaro yana goye a baya ana daka ana waƙa, yana jin kishiyoyi suna habaici, kaka tana karin magana, yayye suna kacici-kacici, ana ce masa ya maimaita ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto har harshensa ya harɗe a yi dariya. Wannan yaron ba matalaucin kalmomi ba ne. Abin da ya rasa shi ne gadar da za ta haɗa wannan arzikin na baka da takarda, kuma ita ce surukar Maman Ummi ta gina ba tare da ta san sunanta a littafin kwaleji ba.

Bari in ba da misalin da ya sa arzikin bakan yake da muhimmanci a Hausa musamman. Rubutunmu na boko ba ya nuna jan wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Idan aka rubuta, ta tafi gari ta sayo gari, kalmar iri ɗaya ce a ido, amma duk Bahaushe ya san na farko wurin zama ne, na biyu kuma na tuwo. Yaron da ya saba jin ana karanta jimla cikakkiya da muryar da ta dace, shi ne zai san yadda zai furta kowanne. Wanda aka koya wa ga da ri kawai zai haɗa su daidai, amma ya wuce bai san me ya karanta ba. Na ga irinsu da yawa a shekarun da muka karɓi ɗimbin yara bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, suna rera shafi kamar waƙa, idan ka rufe littafin ka ce me aka ce, sai su dube ka.

Mai Shagon Bakin Kasuwa:
Ni tambayata dabam ce. Idan har za a ɓata lokaci a karanta wa yaro, me zai hana a karanta masa da Turanci? Hausa dai ya riga ya iya, ba a kuma rubuta jarrabawar fita sakandare da ita sai a darasinta kaɗai. Ina da littattafan Turanci masu hotuna guda biyu da na sayo a Kano, su nake so a riƙa karanta wa nawa.

Malamar Aji Ɗaya:
Alhaji, kada ka jefar da littattafan, a riƙa buɗe su ana hira a kan hotunan da Hausa. Amma ka lura, yaron da aka fara da Turanci ana ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon yadda rubutu yake aiki, da koyon harshen da bai taɓa ji a gida ba. Hausa kuma tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin wasullanmu biyar ne, kuma harafi yakan tsaya a kan sautinsa, alhali a Turanci harafi guda yana iya fita da sauti uku ko fiye. Dabarar haɗa sauti da harafi sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, kuma wanda ya kama ta da harshen uwarsa yana ɗauke da ita zuwa kowane harshe. A manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a azuzuwan farko. Cikin yaran da suka fita daga ajina, waɗanda suka fi saurin kama Turanci a aji uku su ne waɗanda suka riga suka zauna daram a karatun Hausa.

Mai Shagon Bakin Kasuwa:
Na ji bayaninki, Malama, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. 'Ya'yan masu kuɗi da ke makarantun kuɗi a Dutse da Turanci suke farawa, kuma su ne suke cinye guraben jami'a.

Ɗalibin Gumel:
Alhaji, waɗannan yaran suna da iyaye masu jin Turanci, da littattafai a gida, da aji mai yara kaɗan, saboda haka da wuya a ce harshen ne kaɗai ya kai su. Game da rashin littafi da Baban Sadiƙu ya ambata kuma, akwai shafin African Storybook a intanet mai ɗauke da labaran yara masu hotuna kyauta, har da na Hausa. Wanda ya shiga gari inda sabis yake da ƙarfi zai iya sauke su a waya ya dawo da su. Sharaɗin kawai shi ne kada a miƙa wa yaro wayar a tashi, domin amfanin yana cikin zaman da hirar ne, a tsaya a tambaye shi me yake gani, me yake zato zai faru, ya taɓa ganin irin wannan a gidansu.

Hajiya Inna:
Jikata ce take rubuta mini wannan. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure bayan Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a 1980, lokacin nan duk Kano muke, ba a yanke Jigawa ba sai 1991. Ina da 'ya'ya huɗu na koyi rubuta sunana. Abin da nake so in gaya wa matan zauren nan shi ne kada kunya ta hana su. Da ina koyo, ɗana na fari ne yake gyara mini, ƙannensa suna kallo, kuma ganin uwarsu da littafi a hannu ya sa su ma suka riƙa rububinsa. Yanzu ido ya yi rauni, amma tatsuniya tana nan, duk mai son a rubuta ya turo yaro da littafi bayan isha'i, ban da rana, don ba a tatsuniya da rana.

Baban Sadiƙu:
Assalamu alaikum. Kwana huɗu ban ce komai ba, domin na ce sai na gwada kafin in sake magana. Shekaranjiya na sa aka shimfiɗa tabarma bayan isha'i, na kira Sadiƙu mai shekara huɗu, na ce wa yayansa da ke aji huɗu ya ɗauko littafinsa na Hausa ya karanta mana. Ya buɗe shafin farko ya karanta tiryan-tiryan, har na fara jin daɗi. Sai na karɓa na buɗe can tsakiya, inda ba su kai ba a makaranta, na ce ya ci gaba daga nan. Yaron nan ya kafa wa shafin ido, ya kira harafi biyu, ya yi shiru, sai hawaye. Ashe na farkon haddacewa ya yi. Shekara huɗu ina sallamarsa kullum da safe, ban taɓa zaunar da shi na ce ya karanta mini ko layi ɗaya ba, kuma da ba don wannan zaman ba, da sai ya gama aji shida ban sani ba. Ban dake shi ba. Ni na karɓi littafin na yi ta haɗa kalmomin da irin nawa karatun, su biyun suna jingine da ni, muka yi rabin shafi kafin fitilar ta mutu. Malama, yanzu wanne zan fara da shi, ƙaramin ko babban?

Malamar Aji Ɗaya:
Duka biyun, a tabarma ɗaya, kuma kada ka nuna wa babban cewa don shi ake yi. Ka ci gaba da karantawa da kanka ko da rabin shafi ne, kana bin layin da yatsa, ka bar shi ya riƙa nuna wa ƙaninsa haruffan da ya sani. Ranar Asabar da hantsi ka turo mini shi gida tare da littafin, in gwada shi in ga ko a haruffa ya tsaya ko a haɗa gaɓa. Ka haɗo shi da sabon littafin rubutu guda, zan rubuta masa gajerun jimloli da manyan baƙaƙe, da sunansa da na Sadiƙu da na akuyarku a ciki, idan tana da suna.

Baban Sadiƙu:
Tana da shi, Kyalla suke ce mata. Zai zo in sha Allah, amma sai bayan ya kai wa masu yankan riɗi abinci gona.